Sumayya, Rubutunki Yana Nan a Bango

Sumayya mai jaka ta rasu. Ranar Alhamis, 17 ga watan Yuli, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ranta a asibiti a nan Suleja. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi mata sutura bayan la'asar, ana yayyafi.

Ku gafarce ni, jama'a, na fara magana ban yi sallama ba. Assalamu alaikum. Sunana Nata'ala, tsohon direban motar haya ne ni, kuma ni ne mai gidan nan na unguwar Kwamba da shagon marigayiya yake a ƙofarsa. Ban saba dogon rubutu ba. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci, saboda haka da hannu nake rubuta wannan, a hankali. Maƙwabciyarmu Chiamaka, mai shagon buga takardu, ta ce za ta buga shi ta sa a Fesbuk, a wurin da Sumayya take sa hotunan jakunkunanta, don masu sayen kayanta na nesa su ji.

A mako ɗaya Allah ya ba ni, ya kuma karɓa. Ran Lahadi autata Daso ta haifi 'ya mace, bayan shekarun jira da muka gaji da lissafa su. Na yi murnar da har maƙwabta suka riƙa yi mini dariya, don na bi layinmu ina gaya wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Kafin ranar suna ta zo, an shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gidan. Har yau in mutum ya miƙo mini hannu, sai na dubi fuskarsa kafin in san barka ya zo yi ko gaisuwa. Na gaji, jiki da zuciya. Amma akwai abin da na gani da idona bayan rasuwarta, wanda bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba.

Sumayya, yanzu da ke zan yi magana.

Daga Funtuwa kika zo mana, ke da mijinki Khamis, wanda ke aiki a Abuja. Kuka kama ciki da falo a gidana. Shi yakan fita tun asuba don ya riga cunkoson Madalla da Zuba, ke kuma ki wuni ke kaɗai da keken ɗinkinki. Ranar da kika zo kika durƙusa kika ce in ba ki hayar ɗan shagon ƙofar gida, wanda na cika da tsofaffin tayoyi da jarkoki, na dube ki, 'yar siririya, idanunki da ɗan rawaya, na ce a raina wannan ba za ta jure ba. Kamar kin ji ni. Kika ce, "Baba, sikila gare ni, gara ka ji daga bakina. Wata rana za ka ga shagon a rufe. Ba guduwa na yi ba, kwanciya na yi." Ban taɓa ganin mai neman haya da ta fara da faɗin ciwonta ba. Na ba ki makulli.

Sana'arki kuwa da farko ban ɗauke ta sana'a ba. Kina bin telolin Kwamba da na kasuwa da buhu, kina kwashe ƙyallayen atamfa da shadda da suke zubarwa. Ki wanke, ki goge, ki zauna kina jera su a kan tebur kamar mai shawara da su. Ki haɗa da fata, sai ga jaka ta fito, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Na sha tsayawa a bakin ƙofa ina kallon yadda abin da aka share da tsintsiya yake komawa abin da mace za ta rataya ta tafi biki.

Alherinki na farko a kaina shi ne Daso. A lokacin tana aure a unguwar Chaza, haihuwa ta ƙi zuwa, maganganun dangin miji sun ishe ta. Takan zo gida ta zauna a ɗakin uwarta, ba ta ci ba ta magana. Ba ki yi mata wa'azi ba, ba ki ce mata ta yi haƙuri ba, don duk mun faɗa mata hakan har ta daina ji. Leƙowa kawai kika yi kika ce, "Yaya Daso, zo ki riƙe mini nan, hannuna biyu ne kawai." Ta je ta riƙe. Washegari ma ta je. Kafin shekara ta zagayo, ita ke yanka, ita ke sa zif, kuma na sake jin dariyar 'yata daga cikin shago. Ke ma Allah bai ba ki haihuwa ba, amma ranar da aka tabbatar Daso na da ciki, ke ce kika fi uwarta rawar jiki. Kika hana ta ɗaga buhu, kika hana ta taka keke, ke da ya kamata a hana.

Ni ma ban tsira daga alherinki ba. Lokacin da nake zuwa ajin yamma, ina jin kunyar ɗaukar littafi a hannu a gaban matasan layi. Ban gaya wa kowa ba. Wata rana na tarar da 'yar jakar fata a kan kujerata, daidai girman littafin, da wurin sa tabarau. Na san aikinki ne, na sa littafina a ciki. Kuma duk tsohuwar jaridar da aka naɗo miki kaya a ciki, sai kin miƙo mini kin ce in karanta miki, wai idonki yana kan allura. Na san kin fi ni karatu nesa ba kusa ba. Ina yin tuntuɓe a kan kalma, ke kina ɗinki, ba kya gyara mini sai na ɗago kai na dube ki.

To, ga yadda aka yi rubutun bango, ga waɗanda suka gan shi a waya ba su san asalinsa ba.

Wata damina ciwonki ya tashi, kika kwanta asibiti. Kina dawowa, ko tsayuwa ba kya iya yi sosai, wata mata ta zo ta tsaya a ƙofar shago tana ɗaga murya a kan jakunkunan biki da ba a gama ba. Ta ce duk masu sana'ar hannu maƙaryata ne. A satin kuma wani ɗan kasuwa ya zo daga Abuja, ya yaba aikinki, ya ce zai riƙa kwashewa duka, amma da sharaɗin a liƙa musu tambarin wani kamfanin waje, don a cewarsa ba wanda zai rataya jakar Kwamba a ofis. Kika ba shi ruwa ya sha, kika raka shi bakin titi, kika dawo kika zauna a kan benci kusa da ni. Kika ce, "Baba, na gaji da bayani. Kowa ya zo sai na fara daga farko: ga yadda nake aiki, ga abin da ba na yi, ga dalilin da na rufe. Numfashina bai kai ba."

Chiamaka ce ta ce ki rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta. Ta ce masu ƙananan sana'o'i suna yin haka, sunansa manifesto. Ni a bakin 'yan siyasa na san wannan kalma, shi ya sa na ce Allah ya kiyaye. Kuka yi mini dariya. Kika ce, "Namu ba irin nasu ba ne, Baba. Namu wanda za a iya kama mu da shi ne." Daga nan ni dai alkawarin shago nake ce masa.

Kin daɗe kina rubuta shi. Ki rubuta, ki soke, ki karanta wa Daso, ki karanta mini, ki koma ki rage. Da farko ya cika takarda gaba da baya. Duk abin da kika ga ba za ki iya tsayawa a kansa ba ranar da ba ki da lafiya, sai ki cire. Abin da ya rage a ƙarshe shi ne wannan:

"Mu masu ɗinkin jaka ne. Da hannu muke yi, da keke ɗaya, saboda haka ba ma sauri. Ƙyallen da tela ya zubar shi ne kayan aikinmu, kuma ba ma jin kunyar faɗa. Ba ma liƙa sunan wani kamfani a kan abin da aka ɗinka a Kwamba. In kika tambayi wadda ta ɗinka taki, za a nuna miki ita. Ba za mu ce miki gobe ba alhali mun san ba za mu gama gobe ba. Ranar da jiki ya ƙi, za mu rufe mu kwanta, mu gaya miki gaskiya. Jakar da ta fita daga nan, in ta yage ko ta tsinke, ko yaushe ne, ki dawo da ita, za mu gyara kyauta."

A kan wannan na ƙarshen muka yi gardama, kuma ita ce gardama ɗaya tilo da muka taɓa yi. Na ce ki sa masa iyaka, shekara ɗaya ko biyu. Na ce ɗan Adam ba ya cewa ko yaushe, balle mai ciwo irin naki. Na ce ko da ranki da lafiyarki, atamfa yayi gare ta. In mace ta dawo da jaka bayan shekaru, ina za ki samo irin zanen da za ki yi faci da shi? Khamis ma ya goyi bayana. Shi tsoronsa kada mutane su tara miki tsofaffin jakunkuna su ƙarasa ɗan ƙarfin da ya rage miki. Kika saurare mu har muka gama. Sannan kika ce, "Na fi ku sanin ba ni da tabbacin gobe. Maganar zane kuma, Baba, ka bar mini wannan." Ban gamsu ba. Na bar maganar ne kawai don shagonki ne.

Sai kuma kika zo da wata. Wai ni zan rubuta shi a bangon shago. Na ce a kira Timoti mai rubutun allo, aikinsa ne, hannunsa a miƙe yake. Kika ƙi. Kika ce shagon aikin hannu ne, rubutunsa ma hannun gida zai yi. Na hau benci da burushi da gwangwanin shuɗin fenti, ke kina zaune a ƙasa da takarda kina faɗa mini kalma-kalma, Daso na riƙe da ƙafar benci. Duk wanda ya gani ya san layukan sun gangara ta hannun dama, kamar mota a gangaren Dutsen Zuma. Masu keke napep suna tsayawa suna tsokanata, wai Baba ya zama ɗan jarida. Da na sauko, kika tsaya can tsallaken kwata kina dubawa. Ni kuwa, tunda na koyi rubutu, ban taɓa rubuta abin da ya fi sunana da lambar waya tsawo a inda jama'a za su gani ba sai ranar.

Chiamaka ta ɗauki hoton bangon ta sa a Fesbuk, ta juya shi da Turanci a ƙasa. Ba kowa ya yaba ba. Wani ya rubuta cewa wa ya tambaye ku. Wata ta ce za mu gani in an kwana biyu. Kin karanta duka, kin ajiye waya, kin koma kan keke. Amma na lura da abu ɗaya: daga ranar ba a sake ɗaga miki murya a ƙofar shago ba. In aka zo aka tarar a rufe, sai a karanta bango, a leƙo cikin gida a ce yaya mai jiki. Matan coci da matan Islamiyya, malaman makaranta, masu aiki a Abuja da ke kwana a Suleja, suka riƙa zuwa. Ba ki yi arziki ba, kada wani ya ɗauka haka. Kin dai samu abin da kika nema, wato ki yi aikinki ba tare da ƙarya ba, kuma ki huta da bayani.

Ranar da Daso ta haihu, kin shigo ɗakin jego kina dafa bango. Kika karɓi jaririyar, kika daɗe kina kallonta, kika ce, "Baba ya yi amarya, Inna sai haƙuri." Aka yi dariya. Washegari aka kai ki asibiti. Mun saba kina tafiya kina dawowa, shi ya sa ko sallama ta kirki ban yi miki ba. Na ce dai ki yi sauri ki dawo kafin suna. Kika ɗaga mini hannu daga cikin keke napep.

Bayan an kai ki makwanci, aka kafa rumfar zaman makoki a ƙofar shagon, daidai ƙarƙashin rubutun. Duk wanda ya zauna ya ɗaga kai sai ya karanta: ko yaushe ne, ki dawo da ita. Ni kuwa na ƙi ɗaga kai. Ran Lahadi aka yi suna ba kiɗa ba guɗa. Mijin Daso ya raɗa wa yarinya Sumayya, ba wanda ya ce masa ya yi. Da yamma Khamis ya same ni. Ya rame, muryarsa ta dushe. Ya ce ba zai iya zama a ɗakin ba, zai nemi wuri kusa da aikinsa, keken ɗinki kuma za a kai wa mahaifiyarki Hajiya a Funtuwa. Na tambayi Daso ko za ta riƙe shagon bayan ta yi arba'in. Ta juya fuskarta bango, ta ce ba za ta iya shiga ta ga kujerarki ba. Ban ga laifin kowa ba. Dama akwai wani yaro mai sayar da kayan waya da ya daɗe yana son wurin. Na ce a raina, in shagon zai rufe, ba zan bar alkawari a bangon gidana ba, da rubutun hannuna, ba mai cika shi. Na aika aka sayo farin fenti, na ajiye a zaure. Chiamaka ta gan shi, ta ce, "Baba, abeg, don Allah kar ka goge shi." Na ce, "'Yata, in na bar shi, ƙarya zai koma. Ita kuwa ba ta son ƙarya."

Washegari da safe, muna zaune da ragowar masu gaisuwa, wata mata ta sauko daga keke napep. Dattijuwa ce, da ɗaurin ɗankwali irin na zuwa coci, da leda a hannu. Ta gaishe mu da Hausa mai kyau, ta ce ita Maman Gidiyon ce, daga Gawu Babangida, doya take sayarwa. Ta ce tana neman mai jaka. Ta buɗe ledar ta fito da wata jaka mai ruwan goro da kore, ta sha jiki, gindinta ya yage, maratayin ya kusa rabuwa. Ta nuna bango ta ce ranar da ta saya ta karanta da kanta, don da Hausa suke karatu a cocinsu, kuma ta ce wa kanta za ta gwada mutanen nan wata rana. Tana faɗa tana murmushi.

Sai ta dubi tabarmi, ta dubi rumfa, ta dubi shagon a kulle. Murmushin ya tafi. Wani daga cikinmu ya gaya mata. Ta ce, "Wayyo Allah, yarinyar nan?" Ta mai da jakar bayanta tana ɓoyewa kamar wadda ta yi sata, tana ba mu haƙuri, tana cewa ba ta sani ba, ita za ta tafi. Khamis yana zaune kusa da ni, kansa a sunkuye. Ban san abin da ya sa ba, na miƙa hannu na ce ta ba ni jakar. Ba ni da wata dabara. Kunya ce kawai ta hana ni barin ta ta koma Gawu da ita a leda, ga rubutuna a saman kaina.

Na shiga gida da jakar. Daso tana ɗakin uwarta, an gama mata wankan safe, tana shan kunun kanwa, jaririya na kan cinyarta. Tana ganin jakar ta ajiye kofi. Ta ce, "Wannan ɗinkinta ne. Baba, wa ya kawo?" Na gaya mata. Ta ce a miƙo mata gwangwanin allura. Uwarta ta taso mana. Ta ce mai ɗanyen jiki ba ta sunkuya kan ɗinki, ba a taɓa yi ba a gidan nan, kuma me mutane za su ce, ana makoki a waje ana sana'a a ciki. Daso ta ce, "Inna, ba keke zan taka ba. Kuma ba sana'a ba ce, bashin alkawari ne." Ni kuma na kawo tawa tsohuwar magana. Na ce ko an bar ki, wannan atamfar an daina yayinta, ina za ki samu irinta?

Daso ta gyara zama. Ta miƙo mini jaririyar. Ta juya jakar ciki ya koma waje, ta sa reza ta farke ɗinkin shafin ciki ta can ƙasa, ta zura yatsu biyu. Sai ga ƙyalle ta zaro, a ninke, kamar faɗin tafin hannu, mai ruwan goro da kore, sabo fil, launinsa bai koɗe ba don bai taɓa ganin rana ba. A cikinsa an naɗe zare da ɗan guntun fata.

Ta ce, "Kowace jaka akwai shi, Baba. Tun ranar da ka rubuta bango ta fara sawa. Kuma ta hana mu sa gam a ko'ina, sai ɗinki, don a iya farkewa. Ta ce ko ba mu, duk telan da ya buɗe zai samu abin gyara."

Sumayya, ashe amsar da kika ce in bar miki ke nan. Muna ta gardama a kan ko za ki kai gobe, ke kuwa kin riga kin sa wa kowace jaka guzurinta, kin sallame ta. Na zauna a bakin gado da takwararki a hannu. Uwar Daso ta tashi. Ta ɗauko matashi ta sa wa 'yarta a baya, ta ɗage labule don haske ya shigo.

Daso ta yi ɗinkin tana share hawaye da gefen zane. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, ba ta cinye ƙyallen duka ba. Ta raba shi biyu, ta yi faci da rabi, ta ninke rabin ta mayar cikin shafin, ta ɗinke bakin kamar yadda kika bar shi. Na ce don me? Ta ce, "Ai ko yaushe aka rubuta."

Na fita da jakar. Kafin in kai wurin Maman Gidiyon, Khamis ya tashi ya karɓa daga hannuna. Ya juya ta, ya shafa facin da yatsa, ya daɗe. Shi ya miƙa mata da hannu biyu. Ta kwance bakin zani za ta ba da wani abu, ya nuna mata bango. Ta zauna a tabarmar mata ta yi kuka tare da su, sannan ta tafi. Da aka watse, Khamis ya ce mini, "Baba, a bar keken a inda yake. Zan gaya wa Hajiya, na san ba za ta ƙi ba." Fentin nan kuwa na ba Chiamaka, ta shafe ƙofar shagonta da shi.

Ba zan yi muku alkawarin da ya fi ƙarfina ba, don a ƙarƙashin wannan bangon na koyi barin haka. Daso ba ta da saurin Sumayya, ba ta da idonta wajen haɗa launi, ita da kanta ta faɗa. Ga goyo. Ban sani ba ko shagon zai yi shekaru ko ba zai yi ba. Abin da ta ce in gaya muku shi ne, in ta yi arba'in za ta buɗe, kuma duk mai jakar Sumayya da ta yage ta kawo. Wadda ke nesa kuma ta kai wa telan unguwarsu, ta ce ya farke shafin ciki ta ƙasa. Zai samu abin da aka ajiye masa.

Allah ya jiƙan ki, Sumayya. Allah ya sa ciwon da kika sha tun kina yarinya ya zama kankarar zunubi. Yadda kika rufa wa 'yata asiri, kika rufa mini, Allah ya rufa miki. Ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarki, inda ba gajiya ba ciwo. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Khamis, wanda ya yi jinyarki bai taɓa ƙosawa a gabanmu ba, da mahaifiyarki Hajiya da 'yan'uwanki a Funtuwa, da Daso da Chiamaka, da telolin da har yanzu suke tara miki ƙyalle a buhu saboda sabo. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Wanda ya ga rubutun a waya kawai, ya zo Kwamba ya gan shi a bango. Ku tambayi masu keke napep shagon mai jaka, duk sun sani. Layukan a karkace suke, ni na yi su, ba a kuma taɓa su ba. In kun gama karantawa, ku yi mata addu'a, sannan ku yi sallama ku shigo ciki. Ina nan zaune a zaure da amaryata, Sumayya ƙarama. Ta fara buɗe ido. Ku zo ku gani.